Ba a Auna Atamfa da Tiya: Martani Kan Manhajar Kiɗan Kilasika

Wani marubuci da nake ganin girman alƙalaminsa ya fitar da maƙala yana sukar kamfanin Apple saboda ware wa kiɗan kilasika manhajarsa ta daban, wadda aka buɗe ranar 28 ga Maris 2023 da sunan Apple Music Classical. In aka tattara maganar Malam, hujjojinsa uku ne. Na farko, kiɗa kiɗa ne, babu dalilin da zai sa a gina wa wani nau'i ɗakinsa shi kaɗai alhali sauran suna zaure ɗaya. Na biyu, warewar nan girman kai ce irin ta masu ganin kiɗan fadojin Turai ya fi na kowa. Na uku, ko da akwai matsala wajen neman wannan kiɗa a manyan manhajoji, gyara ya kamata a yi musu a inda suke, a daina ɗora wa mai waya nauyin wata manhajar. Na yarda da Malam ɗari bisa ɗari cewa rubuta kiɗan Beethoven a takarda bai sa ya fi na Mamman Shata ko na Fela Kuti daraja ba, kuma duk wanda ya kafa hujjarsa a kan fifiko ya faɗi tun kafin a fara. Sai dai Malam ya kama maganar ta inda ba nan take ba. Abin da ya haifar da wannan manhaja shi ne ma'auni, wato yadda ake rubuta sunan kiɗa a kundi, yadda ake nemansa, yadda ake kunna shi, da yadda ake biyan waɗanda suka yi shi. A dukkan waɗannan huɗu, ma'aunin da manyan manhajoji ke aiki da shi an ƙera shi ne don wani abu daban, kuma kiɗan kilasika ba ya shiga cikinsa sai an karya shi.

Asalin matsalar ya girmi Spotify da Apple Music duka. A 1996 aka ƙirƙiro tambarin da ake liƙa wa fayil ɗin MP3, wanda ake kira ID3, domin na'ura ta san abin da take kunnawa. Gurabensa na farko su ne sunan waƙa, sunan mawaƙi da sunan faifai, kuma kowane gurbi ba ya ɗaukar fiye da harafi 30. Ga waƙar zamani ta minti uku wannan ya wadatar, domin mutum ɗaya ne ya rera, waƙar suna ɗaya gare ta, faifai ɗaya ta fito a ciki. Yanzu a ɗauki faifan da Carlos Kleiber ya jagoranci makaɗan Vienna Philharmonic suka naɗa a 1974, na simfoni na biyar na Beethoven, a yi ƙoƙarin cika waɗannan gurabe uku. Wa za a rubuta a gurbin mawaƙi? Beethoven ne ya tsara kiɗan, amma ya rasu tun 1827, bai taɓa shiga ɗakin naɗar sauti ba. Kleiber ne madugu, amma shi sanda kawai yake kaɗawa, ba ya taɓa kayan kiɗa ko ɗaya. Makaɗan su ne suka fitar da sautin, su kusan tamanin ko fiye. In kiɗan yana da gwanin piyano ko gwanin goge da ke gaba, ya zama na huɗu, in akwai masu amshi da nasu shugaban, lissafin ya ƙara tsawo. Haka gurbin sunan waƙa: aikin yana da lamba, yana da muryar da aka gina shi a kai, yana da lambar bugu ta 67 a jerin ayyukan Beethoven, sannan yana da babi huɗu, kowane babi da sunansa. Duk wannan aka dunƙule a layi ɗaya, shi ya sa mai waya yake buɗe faifai ya tarar da layuka huɗu da suka fara da kalmomi iri ɗaya, abin da ya bambanta su kuwa yana can ƙarshen layi inda fuskar wayar ta yanke.

Malam ya ce ai akwai akwatin bincike, mutum ya rubuta abin da yake so ya samu. Wannan magana tana nuna bai daɗe yana neman irin wannan kiɗa ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu tsara kiɗan kilasika galibi ba su raɗa wa ayyukansu suna, lamba suke ba su. Simfoni na biyar akwai na Beethoven, akwai na Schubert, na Bruckner, na Tchaikovsky, na Mahler, na Sibelius, na Shostakovich. Haydn shi kaɗai yana da simfoni 104 masu lamba, Vivaldi ya bar kwancato wajen 500. Sunayen babi-babi kuma umarni ne da Italiyanci a kan saurin da za a kaɗa, don haka dubban ayyuka suna tarayya a kansu. Babin farko na simfoni na biyar na Beethoven sunansa Allegro con brio, kuma haka sunan babin farko na simfoninsa na uku, haka na kwancaton piyanonsa na uku. Sunayen mutanen ma ba su zauna wuri ɗaya ba: Tchaikovsky Barashe ne, Ingilishi na rubuta sunansa ta wata hanya, Jamusanci ta wata, Faransanci ta wata, kuma kowane kamfanin faifai da irin rubutun ƙasarsa yake aikowa. Masana sun daɗe da gane wannan ruɗani, shi ya sa Ludwig von Köchel ya jera ayyukan Mozart da lambobi a 1862, Wolfgang Schmieder ya yi wa Bach haka a 1950, Otto Erich Deutsch ya yi wa Schubert a 1951. Waɗannan lambobi su ne katin shaidar kowane aiki. Manhajar da ba ta san cewa lamba kaza da suna kaza da laƙabi kaza duk aiki ɗaya suke nufi ba, dole ta zubo wa mai nema tarkace, ta sa masa tarin kiɗan kwantar da hankali da na sa jariri barci a gaba, domin su aka fi kunnawa.

Amma zuciyar maganar tana wani wuri da ya fi bincike zurfi. A waƙar zamani, abin da aka naɗa shi ne waƙar. A kiɗan kilasika aikin yana takarda, abin da aka naɗa kuwa karatu ɗaya ne daga cikin ɗaruruwan karatu da aka yi masa, kuma rabin daɗin sauraro yana cikin gwada wannan karatu da wancan. Glenn Gould, gwanin piyano ɗan Kanada, ya naɗi Goldberg Variations na Bach sau biyu a ɗakin naɗar sauti, a 1955 da 1981. Na farkon bai cika minti 40 ba, cike yake da wuta da gaggawar ƙuruciya. Na biyun ya haura minti 50, an ja shi a hankali kamar mai tafiya yana waiwaye, kuma Gould ya rasu a 1982, shekara guda bayan naɗarsa. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, kayan kiɗa iri ɗaya, amma duk mai kunne ya san abu biyu ne. Herbert von Karajan ya naɗi dukkan simfoni tara na Beethoven har sau huɗu a faifai tsakanin shekarun 1950 da na 1980. Mai sauraro yana buƙatar ya buɗe aiki, ya ga duk waɗanda suka kaɗa shi a jere, da shekarar da kowa ya naɗa, ya zaɓa. Manhajar da ta ɗauki faifai a matsayin tushe ba za ta iya ba shi wannan ba, balle ma sau da yawa shekarar da take nunawa ta sake bugawa ce, har ka ga naɗin 1955 an rubuta masa wata shekara ta wannan ƙarni. Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi ce, tana da kashi-kashi, kuma bakuna da yawa sun rera ta, kowa da muryarsa da jan numfashinsa. Wanda ya rubuta sunan mai rerawa a matsayin mai waƙar ya zalunci Namangi, wanda kuma ya rubuta Namangi kawai ya shafe mai rerawa, ya hana mai nema samun muryar da yake so. Gurbi ɗaya ba ya ɗaukar mutum biyu, kuma duk kiɗan kilasika haka yake daga farkonsa har ƙarshensa.

Hujjar Malam ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta: me ya hana a ƙara gurabe a babbar manhaja a huta? Amsar ita ce an ƙara, tun da daɗewa, kuma bai warkar ba. Sabon fasalin ID3 da ya fito a 1998 yana da gurbin mai tsara kiɗa da na madugu. Apple da kansa ya ƙara gurbin aiki da na babi a iTunes a 2016. Gurbi fanko ba ya cika kansa. Sai an zaunar da mutanen da suka san kiɗan su bi faifai ɗaya bayan ɗaya, su daidaita sunaye, su haɗa kowane naɗi da aikin da ya fito daga gare shi, su gyara abin da kamfanonin faifai suka aiko a birkice. Wannan aiki ne kamfanin Primephonic na ƙasar Holan ya yi shekaru yana yi, kuma shi Apple ya saya a watan Agusta 2021, ya rufe manhajar a farkon Satumba, ya yi alkawarin fito da tasa a shekara mai zuwa, amma bai iya cikawa ba sai a 2023. Kamfani mai dukiya da injiniyoyi irin na Apple ya ga sayen kundin wasu ya fi masa sauƙi a kan gina nasa, sannan ya ƙara shekara ɗaya da rabi kafin ya kammala. Da ƙaramin gyara ne da ba a kai haka ba. Sai kuma a dubi lissafi. Apple ya ce manhajar kilasika ta fara da gutsuren kiɗa sama da miliyan 5, a lokacin da babban rumbunsa ya kai miliyan 100. Duk ranar da bukatar kashi biyar ta ci karo da ta kashi casa'in da biyar a fuskar waya ɗaya, an san wanda zai ci. Babu wani mugun nufi a ciki, haka kasuwa take, amma sakamakon ɗaya ne.

Kuma karon yana faruwa a kowane maɓalli. Gauraya waƙoƙi abin so ne ga mai jin waƙar zamani, ga simfoni kuwa tamkar a ɗauki littafi a fara da babi na uku, a koma na ɗaya, a tsallaka wani littafin daban. A simfoni na biyar na Beethoven, babi na uku ba ya tsayawa. Kiɗan yana yin ƙasa har ya kusa ɓacewa, ganga tana bugawa a hankali kamar zuciya, sannan ya riƙa kumbura har ya fashe cikin babi na huɗu ba tare da numfasawa ba. Wannan tsallakawa tana cikin abubuwan da suka sa ake tuna aikin tun da aka fara kaɗa shi a 1808. In manhaja ta saka shiru na daƙiƙa ɗaya a wurin, ko talla, ko ta jefo wata waƙa, ta kashe abin da aka zauna minti ashirin ana jira. Haka batun ƙarar sauti. Manyan manhajoji suna daidaita ƙarar waƙoƙi don kada wata ta fi wata amo a cikin jeri, kuma in aka yi wannan gutsure-gutsure, babin da aka so ya zama raɗa sai ya tashi daidai da wanda aka so ya zama tsawa. Wanda ya san Boléro na Ravel na 1928, wanda ke farawa da ɗan ƙaramin bugun ganga da sarewa ɗaya, ya yi ta hauhawa kusan minti goma sha biyar har dukkan makaɗa su haɗu, ya san cewa tazarar da ke tsakanin shiru da amo ita ce kiɗan kanta. Malam zai ce duk waɗannan ana iya kashe su a wurin saiti. Gaskiya ne, amma sai mutum ya riƙa kashewa yana kunnawa duk lokacin da ya sauya abin da yake ji, kuma sabon shiga bai ma san akwai abin da aka ɓata masa ba. A Kano ana sayar da hatsi a Dawanau, ana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ba wanda ya taɓa cewa ɗan Kwari yana raina ɗan Dawanau. Ɗaya da tiya da buhu yake awo, ɗaya da yadi da turmi, kowanne da irin rumfa da irin dillalin da sana'arsa ke bukata.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda maƙalar Malam ba ta taɓo ba ko kaɗan, alhali shi ya fi shafar rayuwar makaɗa. A Spotify, da zarar an saurari gutsure na daƙiƙa 30 an lissafa shi sau ɗaya, ko minti biyu ne tsawonsa ko minti talatin. Babin farko na simfoni na uku na Mahler ya haura rabin awa, ana bukatar makaɗa sama da ɗari su kaɗa shi, ga kuɗin zaure, ga na injiniyoyin sauti, ga kwanakin atisaye. A wannan lissafi daidai yake da waƙar minti biyu da mutum ɗaya ya haɗa a kwamfutarsa. Shi kuwa Goldberg Variations, da yake gutsure 32 ne gajeru, a kusan wannan tsawon lokaci zai tara lissafi ninkin-ba-ninkin. Ba ƙwarewa ce ta raba su ba, wuƙar da aka yanka faifan da ita ce. Irin wannan awo yana tura kamfanoni su riƙa daddatsa dogayen ayyuka, su kuma fi karkata ga gajerun kiɗan piyano masu laushi da ake kunnawa a bayan fage ana wani aiki. IDAGIO, wadda aka kafa a Berlin a 2015 don kilasika kawai, tana biya ne bisa yawan daƙiƙoƙin da aka saurara, kuma haka Primephonic ta yi kafin a saye ta. Manhajoji na musamman ne suka fara wannan adalci, domin su ne matsalar ta tsaya wa a wuya.

A nan dole in ba Malam abin da yake nasa. Manhajar Apple ta fito da naƙasu a bayyane. Ranar da aka buɗe ta a iPhone kaɗai take aiki, masu Android sai a ƙarshen Mayu 2023 suka samu, masu iPad sai a Nuwamba. A lokacin ba a iya sauke kiɗa a cikinta don ji ba tare da intanet ba, sai an koma babbar manhaja, kuma wannan ba ƙaramin cikas ba ne ga wanda ke sayen data da awo. Rufe Primephonic da aka yi kafin a shirya magajiyarta ya bar masu amfani da ita a rana tsaka na tsawon watanni. Duk wannan abin suka ne, kuma da a nan Malam ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Amma rashin kyan gini hujja ce a kan magini, ba ta nuna cewa ba a bukatar ɗakin. Kuma ƙorafin ƙarin nauyi bai da ƙarfin da Malam ya ba shi, tunda mai biyan kuɗin Apple Music ba ya ƙara ko kwabo, wanda ba ya so kuma ba a ɗauke masa kiɗan kilasika daga babbar manhaja ba, yana nan inda yake.

Wannan ya kawo mu ga tsoron da na fi girmamawa a maƙalar, cewa warewa za ta hana matashin da bai taɓa jin wannan kiɗa ba ya yi tuntuɓe da shi. Tuntuɓen yana nan, domin ba a kwashe komai daga zauren kowa da kowa ba. Tambayar ita ce me zai faru bayan tuntuɓen. Matashi ya ji wani gutsure a fim ya burge shi, ya nema ya samu. A babbar manhaja, daga nan sai a miƙa shi ga jerin kiɗan karatu ko na barci, ba zai san cewa abin da ya ji babi ne ɗaya daga cikin huɗu ba, ba zai san wa ya tsara shi ko a wane zamani ba. A manhajar da ta san aiki, yana taɓa sunan sai sauran babin su bayyana, da tarihin mai tsarawa, da sauran waɗanda suka kaɗa. Masani da ya haddace lambobin Köchel zai iya lalubo hanyarsa ko a cikin duhu, sabon shiga ne kundi mai kyau ya fi amfana. Zargin girman kai ma a nan yake juyewa. Sunan Beethoven da Mozart ba ya ɓata ko an rubuta su a gurbin da bai dace ba, domin kamfanoni suna sa su a bangon faifai don su sayar. Wanda ke nutsewa in babu gurbin mai tsara kiɗa shi ne irin Fela Sowande, ɗan Nijeriya da ya tsara African Suite a 1944, ko Samuel Coleridge-Taylor wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ko Florence Price, baƙar fatar Amurka da makaɗan Chicago suka kaɗa simfoninta a 1933, aka manta da ita, har sai da aka tsinci tarin takardunta a wani gida da aka yasar a jihar Illinois a 2009. Ayyukan irin waɗannan sukan fito ne a tsakiyar faifan da ke ɗauke da sunan wani gwanin piyano ko wata ƙungiyar makaɗa, kuma in kundi bai san mai tsarawa ba, babu hanyar da za a tattara su wuri ɗaya a gani.

Malam ya rufe da tambayar da yake ganin ta gama magana: in aka ba kilasika, gobe masu jaz su nemi tasu, jibi masu kiɗan Indiya, ina za a tsaya? Ni ban ga abin tsoro a nan ba. Mai son jaz yana so ya san wa ya busa, wa ya buga ganga, a wace rana aka naɗa, kuma manyan manhajoji sukan ɓoye masa wannan. Mai jin kiɗan Indiya da sunan raga yake nema, kuma raga ɗaya gwanaye da yawa sun yi ta, wani na minti goma wani na awa guda. Namu ma haka. Shata ya rera Bakandamiyarsa a wurare da lokuta daban-daban, ba kuma kullum take fitowa iri ɗaya ba, amma abin da ke yawo a wayoyi da intanet galibi babu shekara, babu wuri, babu sunan makaɗa da 'yan amshi, wani lokaci ma an raɗa wa waƙar sunan da ba nata ba. Haka waƙoƙin Ɗanƙwairo da na Narambaɗa, inda sanin sarkin da aka yi wa waƙa da garin da aka yi ta yake cikin fahimtar waƙar. Waɗannan duka suna bukatar kundin da ya bambance aiki da naɗi, kuma masu kilasika sun riga kowa samu ne saboda sun gaji aikin Köchel da Schmieder, sun kuma sami masu zuba jari. Mu namu jerin har yanzu yana warwatse a kaset-kaset na gidajen rediyo, da littattafan manazarta a jami'o'i, da kawunan dattawan da suka halarci wuraren da aka yi waƙoƙin.